Igiyar Illo

A shekarar da fari ya cinye shanun Adar ne Illo ya iso Yamai, zaune bisa buhunan albasa a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Shekararsa goma sha huɗu. Mahaifinsa Amadu ya ɗora shi a Tawa, ya roƙi direba ya sauke shi a unguwar Kalley, gidan ƙanwarsa Lami. Shi kuwa ya kora ƴan shanun da suka rage ya yi kudu da su, wajen Gaya, inda aka ce akwai sauran ciyawa. Mahaifiyar Illo ta daɗe da rasuwa. Bai zo da komai ba sai rigar jikinsa da wata igiyar fata da ya naɗa a ƙugu, ƙarƙashin riga.

Gwaggo Lami ta karɓe shi hannu bibbiyu. Mijinta mai rumfar yadi ne a babbar kasuwa, gidansu akwai famfo, akwai rediyo, ana ɗora tukunya safe da yamma duk da tsadar hatsi. Aka ɗinka masa riguna, aka ba shi tabarma a ɗakin yara. Amma yaron ba ya magana. In an tambaye shi abu sai ya ɗaga kai ko ya girgiza. Aka kai shi lakwal, malamin ya ce ya girme wa ajin farko. Aka kai shi rumfa, sai ya zuba wa hanya ido har mai saye ya gaji da sallama ya wuce. Yaran unguwa kuma suka samu abin wasa. Ranar da ya buɗe baki ya ce "mi kac ce?" irin ta mutanen Adar, suka riƙe maganar suna binsa da ita har ƙofar gida.

Gwaggo Lami ba ta san abin da idonsa ya gani ba sai daga baya. Da igiyar nan ta ƙugunsa ya koyi kama maraƙi tun yana ƙarami. Da ita kuma, a watannin ƙarshe, shi da mahaifinsa suke ɗaga saniya in ta faɗi, su tsayar da ita bisa ƙafafunta, ta ɗan jima ta sake faɗuwa. Daga baya da ita suke jan mushe su kai bayan gari. Ya kasa yar da ita, ba ya kuma son ya sake warware ta.

Da zaman gida ya ishe shi sai ya fara fita yawo. Ƙafa ta kai shi unguwar Gaweye, har bakin kogin Isa, wajen sabuwar gada. A lokacin Gaweye unguwa ce ta gidajen laka, lungunanta ƴan matsattsu, suna gangarawa har bakin ruwa. Masu wanki na buga kaya bisa duwatsu, masunta na gyaran taru a inuwar gawo, mata na suyar kifi. Ka ji Zabarmanci ta nan, ka ji Hausa ta can. Yana tsaye yana kallon ruwa mai yawan da bai taɓa gani ba, sai ya ji haniniyar doki a bayan wani dangan kara.

Ya leƙa. Dawaki ne a turke, duk haƙarƙarinsu a waje. A tsakiyar fili wani yaro siriri yana tsaye cak bisa gadon bayan wani baƙin doki, hannuwansa a buɗe, dokin na zagayawa a hankali. Wani tsoho mai ɗingishi, sanye da tsohuwar hular soja, yana riƙe da ragama.

"Kai mai leƙe," in ji tsohon, bai ko juyo ba. "Nan ba silima ba ce. In kallo kake so, ɗauki lauje ka yanko burgu tukuna."

Wannan shi ne Sarjan Dauda, mutumin Damagaram, wanda ya yi aikin gardi, dogarin gwamnati mai doki, tun zamanin Nasara har ƙafa ta hana shi. Lokacin da fari ya koro Buzaye da Fulani zuwa sansanin Lazare, wasu sun zo da dawakan da ba su iya ciyarwa, ba kuma mai son saye. Sarjan ya riƙa karɓa, wani a ba shi kyauta, wani ya ba da ƴar dawa a madadi. Shi kaɗai ba zai iya da su ba, sai ya tara yaran unguwa ya kafa doka: wanda ya yanko burgu, ciyawar nan ta bakin kogi, ya share turke, ya kai dawaki ruwa, shi ke hawa.

Illo ya ɗauki lauje. Wannan aikin ya san shi. Kafin la'asar ya tara dami, ya zuba wa kowane doki daidai ƙarfin cikinsa, bai cika wa ramammun ba don kada su kumbura. Sarjan yana lura da shi. Washegari Illo ya dawo tun da hantsi.

Yaron da ke tsayuwa bisa doki sunansa Yakuba, Bazabarme haifaffen Gaweye, ɗan mai kwalekwale. Hausarsa ta kasuwa ce, yakan ce wa mace "shi", ya ce wa namiji "ita", bai kuma damu ba. Bakinsa ba ya hutawa. Duk sati sai ya san yadda ya yi ya shiga silima ya kalli kaboyi, ya dawo yana kwaikwayo. Tsayuwa bisa doki ya iya, ya iya zamewa gefen sirdi ya ɗauki hula a ƙasa doki na gudu, don waɗannan wasannin bariki ne, Sarjan ya koya masa. Igiya ce ta gagare shi. Yana da wata ta rama da ya ɗauko daga kwalekwalen ubansa, ya yi mata zarge, yakan wuni yana juya ta bisa kai yana jifan wani tsohon turmi. Ba ta taɓa faɗa wa turmin ba. Wuyansa dai ta sha kamawa.

"Kai ɗan Tawa," ya ce wa Illo wata rana, "ku masu shanu, ba ka iya wannan?"

Illo ya girgiza kai.

"Ƙarya ne. Na ga yadda kake kallon hannuna, kamar wanda aka zubar wa fura."

Illo ya ɗauki laujensa ya gangara kogi.

Cikin dawakan akwai wata jar goɗiya da wani Buzu ya jawo daga Lazare, ya ce ita kaɗai ta rage masa. Shi ya sa yara suka sa mata Saura. Tana da gyambo a gadon baya, tana cizo, tana harbi, ba mai kusantar ta. Sarjan ya nuna wa Illo ita da sandarsa.

"Kai ba ka son mutane, ita ma ba ta so. Ku je ku ƙarata."

Illo bai yi gaggawa ba. Ya fara da zama nesa da ita yana gyaran lauje, kullum yana ɗan matsowa. Ya dama mata dusa da kanwa. Da ta yarda ya taɓa ta, ya cire mata kaska, ya wanke gyambon da ruwan ɗumi ya shafa man kaɗanya. Yana yi yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, da harshen gida, irin maganar da yakan yi wa shanu in za a tatsa. Yakuba ya laɓe a bayan danga ya ji.

"Ashe kana da baki. Doki kake wa hira, mu ba mu isa ba. To fofo, mun gode."

Illo ya sunkuyar da kai, amma dariya ta ƙwace masa. Ita ce ta farko tun zuwansa Yamai.

Jaki da takarkari ya saba hawa, doki bai taɓa ba. Ya ɗauka Sarjan zai fara da nuna masa riƙon linzami, sai tsohon ya kai shi kan rairayi ya ce ya faɗi.

"In faɗi?"

"Ka faɗi. Duk wanda ya hau zai faɗo. Wanda bai iya faɗuwa ba shi ke karyewa. Sa haɓarka a ƙirji, ka ba ƙasa kafaɗa, ka mirgina. Kada ka tare da hannu."

Ya faɗi daga tsaye, ya faɗi daga kan turmi, ya faɗi daga bayan baƙin dokin yana tafiya. Yakan koma Kalley da rairayi har cikin kunne. Gwaggo Lami ta lura yaron ya fara cinye tuwonsa, ta bar shi ba ta tambaya ba.

Wata safiya cikin bazara rediyon gidan ya wayi gari da kiɗan soja, ba labarai, ba gaisuwa. Mijin Gwaggo bai fita kasuwa ba. Can aka ce soja sun karɓi mulki. Gwaggo ta hana kowa leƙa ƙofa, amma da azahar Illo ya sulale, don ya san ba yaron da zai je yankan burgu ranar. Ya tarar da sojoji a kan gada da bindigogi, bakin ruwa ba kowa, sai Sarjan shi kaɗai yana ɗingishi da dami a ka. Illo ya karɓe masa.

"Gwaggonka ta san ka fito?"

"A'a, Baba Sarjan."

"To gobe ka faɗa mata kafin ka fito. Da bakinka, ba da kai ba."

Washegari ya durƙusa gaban Gwaggo tana tankaɗe. Ya fara da dawaki, sai magana ta ja shi ta kai shi Adar, ya ba ta labarin shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da inda kowace ta faɗi. Gwaggo ta ajiye rariya tana saurare, tana share ido da bakin zane. Da ya gama ta tashi ta ɗaure masa dusar da ta tankaɗe a tsumma.

"Ka kai wa goɗiyar taka. Amma ka dawo kafin magariba, ka ji an hana yawo."

Ba a jima ba motocin soja suka fara rabon jar dawa unguwa-unguwa, mutane na bin layi tun safe. Zafi ya kai matuƙa. Kogi ya ja da baya har tsibirai suka fito, ya bar baƙin taɓo a gefe wanda samansa ya bushe ya tsattsage, ƙasansa kuwa ɗanye. Ranar da abin ya faru Sarjan yana layin dawa, Illo da Yakuba ne suka kai dawaki ruwa. Saura ta ji ƙamshin ruwa ta fizge ragama, ta bar hanyar da aka saba ta yanke ta kan busasshen taɓon. Ta yi nisa kaɗan sai ya fashe da ita. Ta nutse har ƙirji. Tana yunƙurin fita tana ƙara shiga.

Yakuba ya juya igiyarsa ya jefa, ta faɗi rabin hanya. Ya jawo ya sake, haka. Illo kuwa ya sandare a tsaye. Idon goɗiyar yake kallo, ya san irin wannan kallon, ya gan shi a Adar ba iyaka.

Yakuba ya kama kafaɗarsa ya girgiza. "Illo, za shi mutu. Kana ji na? Goɗiyarka za shi mutu."

Illo ya ɗaga riga ya warware igiyar ƙugunsa. Ta bushe ta yi tauri. Ya tsoma ta cikin wani ɗan kududdufi, ya murza ta tsakanin tafukansa, ya yi ƙulli a gaban zargen don kada ya shaƙe ta. Bai juya ta bisa kai ba yadda ake yi a silima. Ya lilo ta gefensa sau ɗaya ya saki. Ta taɓa kunnen goɗiyar ta zame. Ya jawo, ya gyara tsayuwa, ya sake. Wannan karon ta faɗa wuyanta. Ya ja a hankali har kanta ya ɗago daga taɓo.

Daga nan Illo ya ɗaga murya irin wadda ba a taɓa ji daga bakinsa ba a Gaweye. "Yakuba, kawo katakan kwalekwale da babbar igiyar babanka. Baba mai wanki, don Allah ku taimaka. Ku kira masunta."

Mutane suka taru. Wani soja a kan gada ya miƙa wa abokinsa bindiga, ya gangaro yana naɗe hannun riga. Aka shimfiɗa katakai bisa taɓo, Yakuba da ba shi da nauyi ya rarrafa a kai, ya tura hannu har kafaɗa cikin laka ya zagaya babbar igiya ta bayan ƙafafunta na gaba. Maza suka kama za su fizga, Illo ya tare su.

"Kada ku fizga, za ku karya ta. In na ce ku ja, ku ja. In na ce ku tsaya, ku bar ta ta huta."

Manya da furfura, har da sojan, suka bi maganar yaro. A ja, a tsaya, a ja, a tsaya, shi kuma yana riƙe da kanta yana kiran sunanta. Taɓo ya sake ta da wata ƙara kamar an cire marfin tulu. Aka jawo ta bisa katakai har tudu. Ta kwanta a gefe, cikinta na hawa da sauka, ba ta motsi.

Nan ne tsoro ya kama Illo sosai, don a saninsa wadda ta kwanta haka ba ta tashi. Ya zauna ya ɗora kanta bisa cinyarsa, yana share mata laka daga hanci. Mutane suka fara watsewa, wasu na cewa Allah ya kyauta. Can sai ta ɗaga kai, ta miƙa ƙafafun gaba, ta yunƙura ta tashi tsaye tana rawar jiki. Ta girgije, ta watsa wa sojan laka har baki. Aka kwashe da dariya, sojan ma yana yi.

Sarjan ya iso da ƴar dawarsa a kafaɗa, Yakuba ya tare shi da labari, rabi Hausa rabi Zabarmanci. Tsohon ya dudduba ƙafafun goɗiyar, sannan ya karɓi igiyar fatar ya juya ta a hannu.

"Wa ya yi saƙar nan?"

"Babana."

"Daga gobe kai za ka koya wa yaran nan. Ni wannan ban iya ba."

Damina ta zo a wannan shekarar da ruwa mai yawa. Kogi ya cika, burgu ya yi kore, dawaki suka murmure har bayansu na sheƙi. Wannan lokacin ne Illo bai taɓa mantawa ba. Da safe shi ne malami, yara sun jeru da igiyoyinsu suna jifan turmi. Da yamma shi ne ɗalibi, Yakuba na koya masa tashi daga sirdi: gwiwa tukuna, sannan ƙafa ɗaya, sannan ka saki geza ka dubi gaba, kada ka dubi ƙasa. In sun gama su shiga ruwa da dawaki, su fito su sayi soyayyen kifi su ci a gindin gawo, fitilun gada na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya.

Koyarwa ta fi masa wuya bisa hawa. Ba shi da haƙuri da mai jinkirin ganewa. Wata rana ya daka wa wani ƙaramin yaro tsawa har yaron ya yar da igiya ya fashe da kuka. Sarjan ya kira shi gefe.

"Haka babanka ya koya maka?"

"Haka ya koya mini."

"Ka ji daɗi?"

Illo ya sunkuyar da kai.

"Goɗiya mai cizo ka lallaɓa har ta yarda da kai. Ɗan mutum ne zai gagare ka? Je ka ɗauko shi."

Ya je har gidansu yaron ya ba shi haƙuri, ya dawo da shi bisa kafaɗa.

Da kaka, yana koyon tsayuwa Saura na sukuwa, ya manta ya tare ƙasa da hannu, wuyan hannun ya goce. Gwaggo Lami ta yafa mayafi ta zo Gaweye da faɗanta, ta ce amana aka ba ta, ba za a mayar mata da ɗan yayanta gurgu ba. Sarjan ya ba ta kujera ya bar ta ta gama. Tana cikin faɗan ta hango Illo, hannu ɗaure da karare, yana gyara wa ƙananan yara riƙon igiya da ɗayan hannun, suna kiransa Yaya Illo. Ta bar faɗan ta tsaya tana kallo. Bayan kwana biyu ta aiko da ƙwaryar fura, ta ce a raba wa yaran duka.

Shekara ta zagayo. Soja suka farfaɗo da samariya, ƙungiyar matasan unguwanni, aka ce kowace unguwa ta fito da abin da matasanta suka iya. Wasu suka shirya kokowa, wasu rawa. Gaweye ta ce dawakan Sarjan za ta kai. Ana cikin wannan shiri Illo ya koma gida wata yamma ya tarar da wani mutum zaune a zaure, ramamme, da rawani mai datti. Sai da mutumin ya ɗago ya gane mahaifinsa ne.

Ya durƙusa ya gaishe shi. Amadu ya amsa yana kallon ƙasa. Gwaggo ce ta gaya wa Illo a ɗaki cewa ko saniya ɗaya ba ta kai Gaya ba, kuma duk wannan lokacin Yaya Amadu ga-ruwa yake yi a can, kunya ta hana shi aike.

Illo ya koma zaure ya zauna kusa da shi.

"Baba, jibi muna wasa a filin samariya. Ina so ka zo."

"Wasa," in ji Amadu. "Ka girma kana wasa."

"Ka zo dai ka gani."

Ranar filin ya cika, ga makaɗa, ga manyan unguwa bisa kujeru, ga wani hafsan soja a tsakiyarsu. Ƙananan yara suka fara, suka jefa igiya suka kama goruna da aka kafa bisa sanduna. Yakuba ya shigo tsaye bisa baƙin doki, ya zame ya ɗauki hula a ƙasa, ya yi kamar ya sace ta ya sheƙa. Illo ya biyo shi bisa Saura. Ya tashi tsaye a kan sirdi tana sukuwa, ya lilo igiya ya saki, ta faɗa wa Yakuba a ƙugu. Yakuba ya ba ƙasa kafaɗa ya mirgina, ya tashi yana roƙon gafara da Hausarsa ta kasuwa, yana ce wa Illo "ranki ya daɗe". Fili ya ɗauki dariya da tafi, mata na guɗa. Illo ya duba cikin taron bai ga mahaifinsa ba.

Sai da suka koma Gaweye suna sauke sirdi ya gan shi tsaye a bakin danga. Amadu ya gaisa da Sarjan, sannan ya matso wajen Saura. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa tabon da ke gadon bayanta.

"Wa ya warkar da wannan?"

"Ni ne, Baba."

Amadu ya jima yana shafa tabon. "Na zo ne in tafi da kai gida. Amma a hanya na yi ta tunani, in na kai ka me zan ba ka ka kiwata? Ba ni da ko akuya."

"Gona tana nan, Baba. In ruwa ya sauka zan zo mu yi noma tare. In an yi girbi in dawo nan, yaran nan ba su gama koyo ba. Da kaɗan-kaɗan za mu sayi tunkiya."

Amadu ya dube shi sosai, karon farko tun zuwansa. Da can shi ke faɗa, yaro ya bi. Ya juya wajen Sarjan kamar mai neman a raba gardama, Sarjan ya ce shi ba ruwansa, magana ce tsakanin maza biyu.

"To," in ji Amadu. "Allah ya kai mu damina."

Illo ya mayar wa Saura sirdi ya riƙe likkafa. "Hau, Baba."

"Ni? Ban taɓa hawa doki ba."

"Ina riƙe da ita."

Amadu ya yi ta ja da baya, Yakuba ya tura shi ta baya yana cewa kala suru, Baba, haƙuri, shi ba ya cizon baƙo. Ya hau ya ƙanƙame geza da hannu biyu. Illo ya ja ragama suka bi bakin ruwa a hankali, masu wanki na yi musu sannu. Da suka kai wajen gada Amadu ya saki hannu ɗaya, ya gyara rawaninsa, ya tambayi ɗansa sunan wancan tsibirin.

Haka aka yi shekaru, damina a Adar, rani a Gaweye. Daga baya aka tashi unguwar don a yi manyan gine-gine a bakin kogi. Sarjan ya samu fili a Banifandou, wanda a lokacin daji ne, ba kogi, ba burgu. Ya rarraba dawakan ga yaran da suka girma a hannunsa, ya riƙe baƙin dokin kaɗai har ƙarshen ransa. Saura ta bi Illo Adar, ta haifa masa duƙushi biyu kafin ta tsufa. Shi kuma masu allurar dabbobi suka ɗauke shi aiki, ya zagaye Adar da Azawak yana kama shanu ana yi musu rigakafi, duk rugar da ya sauka sai ya bar yaro ɗaya ko biyu da suka iya jifa.

Yakuba direban taksi ya zama. Har yanzu in Illo ya zo Yamai shi ke ɗaukarsa a tasha, kuma ko ina za su sai ya bi da shi ta gada ya rage gudu, masu mota na yi masa oda a baya. Yakuba ya ce tsohon filin Sarjan yana daidai inda ake ajiye motocin otel ɗin da aka gina a wurin. Illo ya ce a'a, ya fi nan gangarawa, wajen waɗancan itatuwan. Sun tsufa ba su daidaita ba. Zuwan da Illo ya yi bara, suna cikin wannan gardamar Yakuba ya ce shi fa ko yau aka kawo doki zai tsaya a kansa. Illo ya dubi tumbinsa da ya kusa taɓa sitiyari, ya ce masa ya ja mota su tafi, jikokin Gwaggo Lami na jiransu da abinci.